Ɗan Cikin Badala da Fom ɗin Shugabanci

Shirye-shiryen horar da matasan Afirka kan shugabanci a ƙasashen waje, waɗanda masu shiryawa ke biyan kuɗin jirgi da masauki da abinci tun daga tashi har dawowa, sun yawaita tun bayan da Shugaba Barack Obama ya ƙaddamar da shirin YALI a 2010. Mafi shahara a cikinsu shi ne na Mandela Washington, wanda ya fara a 2014 da matasa 500 da aka tsamo daga cikin kusan 50,000, wato mutum ɗaya cikin ɗari, aka rarraba su jami'o'in Amurka na tsawon mako shida domin su nazarci kasuwanci ko hidimar al'umma ko gudanar da aikin hukuma, kafin a tara su a birnin Washintan. Sharaɗinsa shi ne mai nema ya kasance tsakanin shekara 25 zuwa 35, yana jin Turanci, kuma zai koma gida idan an gama. Birtaniya ma tana da nata mai suna Chevening tun 1983, wanda ke kai mutum karatun digiri na biyu na shekara guda.

Masu sharhi kan ce abin da ke hana 'yan Arewa cin moriyar irin waɗannan damammaki shi ne rashin intanet mai ƙarfi da ƙarancin Turanci, kuma akwai gaskiya a maganar. Sai dai wanda ya zauna kusa da ɗan cikin badala yana cike fom, wato takardar tambayoyin da ake amsawa ta kwamfuta, zai ga cewa babbar wahalar tana wani waje. Fom ɗin yana buƙatar mutum ya faɗi da bakinsa, cikin ƙayyadaddun kalmomi, abin da ya jagoranta da mutum nawa suka amfana da shi, alhali a birnin Kano yabo sana'a ce mai masu ita, akwai maroƙi, akwai sanƙira, akwai zabiya, kuma yaro yana tashi da jin cewa yabon kai jahilci ne. A taƙaice, ana neman mutum ya zama maroƙin kansa, ya yi kirarin, sannan ya biya kuɗin data.

Misalin wani malamin firamare ɗan unguwar Yakasai ya isa hujja. Wannan matashi, wanda ɗan fari ne har mahaifiyarsa ba ta kiran sunansa saboda kunya, ya daɗe yana tara yaran unguwa a soron gidansu bayan sallar isha'i yana koya musu lissafi kyauta, kuma shi ne yake haɗa samari aikin gayya su yashe magudanan ruwa kafin faɗuwar damina, ta yadda da wani ne ya rubuta tarihinsa da an ce ga shugaba nan tsaf. Amma da ya zo tambayar da ta nemi ya bayyana wata nasara da ya jagoranta, sai ya rubuta cewa babu wani abin a zo a gani da ya yi, ɗan abin da aka samu kuwa ikon Allah ne da albarkacin iyaye da haɗin kan dattawan unguwa. Ya ƙara da neman afuwa idan an ga kuskure a maganarsa. Abokinsa da ya taɓa karatu a waje, da ya karanta, sai ya tambaye shi ko takardar neman gurbi ce ko ta sauka daga muƙami.

Kafin a kai ga gyaran rubutu sai da aka sha fama da batun suna, wanda tsohuwar cuta ce ga masu neman fita waje daga wannan yanki. Sunan yankansa ya zo da rubutu iri uku a takardu uku, domin malaminsa na firamare ya rubuta yadda ake faɗa a gida, na sakandare ya rubuta yadda ya gani a littafi, jami'a kuma ta manna masa sunan unguwa a gurbin da Turawa ke sa sunan dangi. Ranar haihuwa kuwa 1 ga Janairu ce, kamar ta dubban tsararrakinsa da aka ƙiyasta musu shekaru a takardar rantsuwar kotu, har idan baƙo ya duba rajista zai ɗauka ungozomomin Kano ba sa aiki sai rana ɗaya a shekara.

Daga nan aka kai shi wurin wani mai shagon kwamfuta a wajen ganuwa, wanda ya yi suna wajen cike wa mutane fom, kuma wanda bincike ya nuna rubutu ɗaya gare shi, sunaye kawai yake canzawa. Cikin awa guda darasin soro ya koma cibiyar bunƙasa ilimin marasa galihu, yasar kwata ta koma yaƙi da sauyin yanayi, shi kuma malamin ya wayi gari shugaba kuma wanda ya assasa wata gidauniya mai membobi uku, wato shi da ƙaninsa da wani ɗan baffansa da ba a sanar da shi ba tukuna. Malamin ya karanta yana gumi yana istigfari, ya goge rabi, ya bar rabi, abin da ya sa rubutun ya fito da murya biyu, sakin layi ɗaya yana cika baki, na bayansa yana ba da haƙuri.

Shirin da ya nema yana son wasiƙar shaida daga wani babba da ya san aikinsa, don haka ya je ya durƙusa gaban mai unguwa ya ce, "Ranka ya daɗe, wata 'yar takarda ce ake so a kaina." Mai unguwa, wanda ke ƙaunarsa tsakani da Allah, ya sa aka rubuta mafi girman yabon da ya sani, cewa yaro ne mai ladabi, ba ya ɗaga murya, ba ya tsoma baki a maganar manya, bai taɓa neman girma ba, kuma duk abin da aka ce ya yi shi yake yi. Da za a kai wannan wasiƙa gidan surukai, da an ɗaura aure a ranar. Ga masu neman wanda zai kawo sauyi a nahiya kuwa, kowane layi nata ƙusa ne. Kuma ba a gyara wa mai unguwa rubutu.

Ta wannan wasiƙa asiri ya tonu. Al'adar mutanen birni ita ce a ɓoye tafiya sai ana gobe, amma wanda ya buga wasiƙar ya faɗa wa mai shayi, kuma abin da ya shiga teburin mai shayi ya daina zama sirri. Kafin Juma'a labari ya tashi daga "ya nema" ya koma "an ɗauke shi", ya haura zuwa "gwamnatin Amurka ce ta aiko a kira shi". Sai sautu ya fara sauka. Gwaggonsa ta zo da ƙunshin kilishi da daddawa da yaji, ta ce, "Ɗan nan, ka miƙa wa ɗan maƙociyata, yana can Amurka, kowa ya san shi, dogo ne." Kawunsa ya ja shi gefe ya yi maganar waya. Shi da kansa, da zugar ta kama shi, ya shiga kasuwar Ƙofar Wambai ya sayi ƙatuwar rigar sanyi ta gwanjo mai gashi a wuya, ba tare da ya lura cewa a watannin Yuni da Yuli ake yin horon ba, lokacin da wasu jihohin Amurka ke zafin da ɗan Kano ma zai nemi inuwa.

Abin mamaki, an kira shi ganawa ta bidiyo, wataƙila saboda rabin gaskiyar da ya bari a rubutun. Ya zaɓi soro domin nan ne sabis ya fi kamawa, ya jingine waya a kan buhun gero, ya sa babbar riga da hula zanna bukar. Da aka ba shi minti ɗaya ya gabatar da kansa, sai ya fara da abin da kowane mai tarbiyya zai fara da shi, ya tambayi kwanansu da gajiyarsu da iyalinsu da sanyin garinsu, kuma yana shirin shiga maganar kansa lokacin ya cika. Duk tsawon ganawar idonsa na ƙasa, domin ba a zuba wa babba ido, su kuwa a tasu al'adar wanda ya ƙi haɗa ido yana ɓoye wani abu ne. Ana tsakiyar tambaya kan gidauniya sai ɗan baffan nan ya yi sallama ya shigo neman aron caja, malamin ya nuna shi da murna ya ce ga ma'ajinmu, shi kuma ya leƙa cikin waya ya tambaya da Turanci mai kyau, wane ma'aji, na wace ƙungiya.

Amsa ta zo bayan watanni, da ladabin da ya kusa kai na mai unguwa, tana yaba ƙwazonsa tana baƙin cikin cewa masu nema sun yi yawa. A lokacin ƙannensa sun riga sun cinye kilishin, bisa fatawar da suka ba kansu cewa ba zai jure jira ba. Gwaggo ta ƙi karɓar bayanin, domin a fahimtarta wanda Turawa suka yi magana da shi ido da ido ya riga ya tafi, saura hawa jirgi, don haka har yanzu duk ranar suna ko biki takan tambaye shi ko ɗan maƙociyar ya ga saƙo. Laƙabin Ba'amurke ya bi shi har makaranta, rigar sanyi ta koma hannun mai gadin layi wanda ke sa ta a hunturu yana sa masa albarka, ɗan baffa kuwa ya rungumi muƙaminsa da gaske, yana tambaya a kai a kai yaushe za a buɗe asusun gidauniya a banki.