Don Allah Kada Ka Faɗa Mini Wanda Ya Yi Kisan

Attajiran Turawa na cikin littattafai suna da wata ɗabi'a da ya kamata danginsu su zauna a kanta. Da zarar kuɗi sun yi musu yawa, sai su tattara akwatuna su nufi wani katafaren gida a ƙauye, inda ba maƙwabci, ba mai shago, ba ɗan sanda a kusa, su ce wai hutu suka je. Kafin kwana biyu an tsinci gawar ɗayansu.

Agatha Christie ta fara jibge su can tun 1920, a littafinta The Mysterious Affair at Styles, inda aka sa wa wata tsohuwa mai dukiya guba a gidanta na Essex, bayan ta auri wanda ta girme wa nesa ba kusa ba. Shekara ɗari ta wuce, ba su daddara ba. A The Hunting Party, Lucy Foley ta kwashi tsofaffin abokan jami'ar Oxford ta kai su tsaunukan Sikotilan bikin sabuwar shekara, dusar ƙanƙara ta toshe hanya, aka wayi gari ɗaya ba ya numfashi. Liane Moriarty kuwa, a Nine Perfect Strangers na 2018, mutum tara ta tura gidan gyaran lafiya a karkarar Ostireliya, suka biya maƙudan kuɗi don a ƙwace musu waya, a hana su magana, a rage musu abinci. Na ƙarshen nan talaka kyauta yake samunsa.

Yadda suke karɓar mutuwa ne ya fi ɗaure kai. Ba kururuwa, ba mai shimfiɗa tabarma a ƙofar gida. Gawa na kwance a bene, a ƙasa ana kaɗa ƙararrawar cin abinci, kowa ya je ya sako kwat. Sai Hercule Poirot, mai binciken Christie, ɗan Beljiyam mai murɗaɗɗen gashin baki, ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana tambayar inda kowa yake da ƙarfe goma sha ɗaya da kwata. Kuma kowa ya sani! Ni a tambaye ni inda nake jiya bayan la'asar, sai na nemi uwargida ta tuna mini.

Amma su can ta matse musu. Damuwata tana wajen 'yan uwana masu karatu, don irin wannan littafi haƙuri yake nema da kame baki, mu kuwa ba mu da rarar ko ɗaya. Wani shafi goma zai karanta ya leƙa ƙarshe, wai don hankalinsa ya kwanta. Yayata kuwa ba ta buƙatar hujja: da an ambaci mata ta biyu, ta rufe littafin, ta ce shari'a ta ƙare.

Gogan duka shi ne mai rantsuwar ba zai ɓata maka labari ba. Zai hango littafin a hannunka, ya yi sallama, ya tambayi iyali da gajiya, ya gyara zama.

"Ina ka kai, Malam? A'a, ashe da sauranka. Wallahi ba zan ce komai ba. Amma dai ka sa ido a kan kukun nan."

"Don Allah, Alhaji, ya isa."

"To me na ce? Ni dai tausayi ya ba ni, da aka gano ashe ɗan maigidan ne."

Ya tashi ya kaɗe riga yana ganin taimako ya yi, ya bar ka da shafi ɗari biyu da ba su da sauran amfani.

A Landan akwai wasan kwaikwayon Christie mai suna The Mousetrap, shi ma a gidan baƙi na karkara da ƙanƙara ta rufe. Tun 1952 ake nuna shi, annobar korona ce kawai ta dakatar da shi a 2020. Kullum aka gama, sai a roƙi 'yan kallo kada su faɗa wa kowa wanda ya yi kisan, kuma yawancinsu suna cika alƙawari. A gwada wannan roƙo a unguwarmu. Kafin a kai wajen ajiye babura, sunan yana zauren WhatsApp na dangi, an ɗora masa "ku yaɗa don Allah".

Ranar Alhaji tana zuwa dai. Ka sayi littafi na gwanjo a bakin titi, ka hana idonka barci har asuba, Poirot ya tara kowa a falo, ya buɗe baki ke nan, sai ka tarar shafi uku na ƙarshe an yage su. Dole ka sa takalmi ka nufi gidansa, ka gaishe shi da ladabi, ka ce yau kam ya faɗa. Ya yi shiru, ya sosa ƙeya.

"Ai wannan ban karanta ba, Malam. Wancan ɗin ma ɗana ne ya ba ni labari."