Ɗan Gwaggo Ya Sayo Firji

Bawana, ɗan gwaggo, labari ya same ni har nan Ƙanƙara. Wai ka kai ɗan bijimin nan kasuwar Sheme ka karɓe kuɗi, ka hau mota daga Mairuwa zuwa Funtuwa, ka dawo da bilenda da firji mai ƙofa biyu, duk don kunun zaƙin uwargida ya shiga zamani. Sannu da ƙoƙari. Firjin dai an ce kaza ta fara saka ƙwai a bayansa, tunda wutar da za ta tashe shi sai ranar da ta ga dama.

Da ka tambayi ubangidanka, da na gaya maka inda zaƙin yake. Yana cikin tsiro. A jiƙa dawa ko shinkafa mai ɓawo, a baza ta, a lulluɓe da jiƙaƙƙen buhu kwana 2 ko 3 har ta fito da ƴan saiwoyi, a shanya, a daka. Wannan tsiron shi ke narkar da kaurin gasarar da aka sheƙa wa tafasasshen ruwa, ya mayar da ita zaƙi. Amma ɗan lele ne. In aka zuba shi kunu na tururi, zafi ya kashe shi, a wayi gari da koko. In aka bari kunun ya huce sarai, tsiron ya kwana yana jan ƙafa a aikinsa. Turawan da ke dafa giyar sha'ir a gidajensu a Jamus da Amurka, abin da suke tsarewa ke nan, zafi wajen digiri 65 na tsawon awa guda, har kular ruwa suke hudawa su sa mata famfo don ta riƙe musu ɗumi. Gwaggo kuwa, Allah ya ƙara mata lafiya, da ɗan yatsa take aunawa, ba ta taɓa kuskurewa ba. Kai da ba ka gaji yatsan ba, ma'aunin zafi ya kamace ka, da kula mai murfin kirki, da rariyar laushi sabuwa. Duka ukun kuɗinsu bai kai na ƙofar firjin ɗaya ba.

Bilenda kuma me za ta yi da tiya biyar ta gero da citta da busasshen dankali? Mai injin markaɗen bakin kasuwa yana nan, bai yi yaji ba.

Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne rana. Kunun da bai samu sanyi ba, kafin la'asar ya fara tsami, washegari robar ta kumbura tana huci. Ka san fa Maguzawanmu ma da tsiron dawa suke fara burukutu, bambancin kawai su suna ƙara dahuwa su bar shi ya tashi da gangan. Kai kuma naka zai tashi ne da sakaci. Ranar da ƴan Hisba suka biyo wari har ƙofar gidanka, kada ka ce ka san ni, ni ma zan ce bawa ne da ya gudu tun bara.

Ka mayar da firjin, ko ka nemo masa sola. In duk sun gagara, kana zaune kusa da madatsar ruwan Mairuwa, ni kuma sunan garinmu kaɗai ya isa ya sanyaya kula. Aiko yaro da jarka biyu na kunun in ɗanɗana tukuna, sai mu yi maganar kuɗin sharar bana.