Situdiyo a Rumbun Kawu

Tun ranar da na ji cewa Mdou Moctar da wayar birkin keke ya haɗa jitarsa ta farko, barci ya ƙaurace mini. A Sakkwato ya naɗi faifansa Anar a 2008, waƙoƙin suka yi ta yawo daga salula zuwa salula har suka kai shi Amurka. Na ce shi da birkin keke ya fara, ni da nake da rago fa? Na sayar da ragon, na hau kabu-kabu zuwa Gaya, na dawo Zabori da jitar lantarki ta hannu, ja wur, da 'yar amfilifaya mai kamar akwatin rediyo. Jaka 45 suka tafi. Mai kayan ya rantse daga Kwatano ta zo. Tsirkiya biyar gare ta maimakon shida, na ce ai Ɗan Maraya Jos da tsirkiya ɗaya ya yi suna.

Tsarin ba wuya. Salula ɗaya tana buga kiɗan rakiya, ganga da bas kawai, ba murya. Kai kuma ka bi da jita, duk abin da ya zo wa yatsunka ka zuba, salula ta biyu tana ɗauka. Ta biyun ta matata ce, na aro da sharaɗin zan sa mata kati.

Sai da na fara naɗi na san garinmu yana da baki. Shekaru ina zaune ban taɓa lura da injin niƙan maƙwabta ba. Ɗauka ta farko injin ya cinye. Ta biyu zakara. Ta uku ina tsakiyar tashi sama, kiɗan rakiya ya tsaya cak, ana kira daga Kamba a tambaye ni kuɗin buhun gero. Ita ma amfilifayar, da na jona ta da batirin sola, ta kama wani gurnani kamar zuma ta shiga tulu, ba ta yin shiru sai na dafa tsirkiya.

Wani ɗalibi da ya dawo daga Yamai ya ce mini a situdiyo soso suke manna wa bango don ya sha amsa-kuwwa. Soso kam babu. Amma kawuna yana da rumbun ƙasa, cike rabi da damman gero. Bayan isha na jingina tsani, na zura jita, na zura batir, na zura kaina, na ja murfi.

Jama'a, wurin ya yi! Gero ya shanye kowace ƙara. Ƙaiƙayi yana cin wuyana, gumi yana shiga idona, amma yatsuna suka buɗe. Na yi wani juyi wanda har yau ban san ta inda na bi ba, na ja tsirkiya ta yi kuka kamar goge. Abin da ake ƙirƙira nan take ba ya dawowa in an kira shi, shi ya sa na riƙe numfashi kada in ɓata.

Ban yi tunanin yadda abin yake daga waje ba: tsakar dare, rumbu a rufe, yana kuka. Inna ta ce aljanu ne. Kawu ya ce aljani bai zuwa da tsani. Ya janye tsanin, ya tara samari da sanduna, ya daki cikin rumbun da taɓarya.

"Wa ke nan? Fito ko in sa wuta!"

"Ni ne, Kawu! Don Allah minti ɗaya, saura kaɗan!"

"Kai da wa?"

"Ni da masu ganga, amma suna cikin salula."

Da ƙafa aka jawo ni.

Da safe na duba abin da aka ɗauka. Ashe lokacin da nake gyara zama wani dami ya faɗo ya danne salular. Juyin nan nawa ana jinsa can ƙasa-ƙasa, kamar sauro a ɗakin maƙwabci. Taɓaryar Kawu kuwa ta fito tas, bugu uku, kowanne ya faɗa daidai kan ganga, sannan muryarsa. Matata ta tura wa ƙawarta ta Bluetooth kafin in farka. Ran kasuwa na ji "Fito ko in sa wuta!" daga aljihun wani mai sayar da goro, ya sa ta ƙarar kira. Kawu ya aiko yaro a gaya mini in akwai kuɗi a ciki rabi nasa ne, ban da kuɗin hayar rumbu.