Siminti a Kan Jar Ƙasa

An yi wani ƙauye a ƙasar Zazzau, cikin ƙauyukan da bishara ta shiga tun zamanin kakanni, wanda majami'arsa ginin ƙasa ce. Waɗanda suka gina ta talakawa ne, manoma. Wasunsu sun taka da ƙafa har Wusasa, inda mishan ɗin CMS na Dokta Mila ya koma daga cikin birnin Zariya a 1929, suka ga majami'ar da aka tayar a can da jar ƙasa irin ginin Hausa, suka ce ashe abin da ke ƙarƙashin ƙafarmu ma ya isa a yi wa Ubangiji ɗaki. Suka dawo gida suka haƙi ƙasa, suka kwaɓa ta da ciyawa, suka bar ta ta ruɓa, suka yi tubali, suka saro giginya suka tsaga azara. Da Littafi Mai Tsarki na Hausa ya fito a 1932, guda ɗaya garin ya samu bayan an jima, aka naɗe shi a ƙyalle, wanda ya iya karatu ya karanta, sauran su kasa kunne.

Ginin ƙasa yana da sharaɗi guda: kowace shekara, kafin ruwa ya sauka, sai an yi masa yaɓe. Don haka duk bazara ikkilisiya takan kira gayya. Tun da asuba mata sun jera tuluna, samari sun naɗe wando sun shiga cikin kwaɓi suna takawa har gwiwa, tsofaffi sun jiƙa makuba tun kwanaki don shafen da zai hana ruwa ratsawa. Sai a ja layi daga bakin kwaɓi zuwa gindin bango, curin ƙasa yana bin hannu zuwa hannu har ya kai ga magini a sama, shi kuma yana liƙawa yana shafewa da tafinsa, yana duba bakin kowane indararo.

A wannan layi abubuwa da yawa sukan gyaru ba tare da an kira zama ba. In mutum biyu suna gaba, dattijon da ke tsara layi yakan ajiye su kusa da juna, don ba yadda za ka miƙa wa mutum curi tun safe har azahar ba ka ce masa "karɓi" ba. In kuma wani bai fito ba, kafin hantsi an gane, domin gurbinsa yana nan a buɗe, hannu ba ya kaiwa. Sai a tura yaro ya dubo. In ciwo ne ya kwantar da shi, ragowar ƙasar da aka kwaɓa gidansa za a wuce da ita a yaɓe masa ɗaki kafin a watse.

Shekaru suka tura. 'Ya'yan garin suka yi karatu, suka sami aiki a Kaduna da Jos da Abuja. Da suka zo gida wata shekara suka tarar da iyayensu mata suna ɗaukar ruwa a ka don yaɓe, abin ya sosa musu rai. Ni ba na zarginsu, domin tausayi ne ya motsa su, kuma kuɗin guminsu suka zuba. Aka kafa kwamitin gini, aka buɗe gidauniya. Aka shafe bangon ciki da waje da siminti, aka yi masa fenti fari da shuɗi, aka ɗora kwano a kan katako, aka sa silin da tayil da fankoki, aka sayo janareta da lasifikoki huɗu. Ranar da aka keɓe ginin, mata suka yi guɗa, aka ce an huta da wahalar yaɓe har abada.

Mutum ɗaya ne bai saki jiki ba, wani tsoho jikan maginin farko, wanda kowa ke kira Baba Magini. Tun kafin a zuba buhun farko ya ce musu, "'Ya'yana, ƙasa tana shan ruwa da damina, ta fitar da shi da rani, haka take rayuwa. Siminti ba ya barin ta fitar. Kuma zafi da sanyi ba sa motsa su daidai, dole ya tsage, ruwa ya shiga ta tsagar, ya rasa hanyar fita." Shugaban kwamiti ya ce, "Baba, mun gode, Allah ya ƙara girma, amma zamani ya canza." Aka rubuta cewa Baba ya ba da shawara, aka wuce.

Sujada kuwa ba ta taɓa cika irin ta waɗannan shekaru ba. Ran Lahadi benci babu masaka tsinke. 'Yan kwaya sun ciwo kofi a gasa, Zumuntar Mata suna shigowa da anko suna kaɗa tulu, lasifika tana kai waƙa har bakin rafi. Sanarwa takan ɗauki lokaci fiye da addu'a, domin sai an karanta sunan duk wanda ya ba da gudummawa da abin da ya bayar, a tafa masa. Akwai dattawa biyu da suka daina gaisawa tun rigimar iyakar gona, kowannensu ya san abin da Matiyu sura 5 ta koyar game da mai kawo baiko alhali yana da tsiya da ɗan'uwansa, kowannensu ya taɓa koyar da shi a Makarantar Lahadi. Ran Jibin Ubangiji su ne ke raba gurasa da ƙoƙo, ɗaya ya bi layin dama, ɗaya ya bi na hagu, su dawo gaban tebur ba wanda ya dubi wani. Jama'a sun saba, har sun daina gani.

Akwai kuma wata gwauruwa da ke zama can baya kusa da taga. A watan Agusta ruwan dare ya rusa ɗakinta, domin tun da gayya ta mutu ba wanda ya yaɓe mata shi. Allah ya tsare, ta fita da rai. Ta tattara 'yan komatsanta ta koma wurin ƙanwarta a wani ƙauye. Makonni suka shuɗe kafin a ambaci sunanta a majami'a, kuma abin da ya sa aka ambata shi ne ma'ajiyar mata tana bin waɗanda ba su biya kuɗin ankon godiyar kaka ba. Wannan ne wurin da ya fi ci mini rai a duk labarin. Ba mugunta aka yi mata ba, babu wanda ya ƙi ta. Mantawa aka yi da ita ana tsakiyar waƙar ƙaunar juna.

Faston garin matashi ne, ya yi karatun tauhidi a Bukuru, mai tsoron Allah, mai shirya wa'azinsa da gaske. Wata Lahadi bayan ɗaukewar ruwa ya ɗauko saƙon da aka aika wa ikkilisiyar Lawudikiya a Ru'ya ta Yohanna sura 3. Ya bayyana musu cewa birnin yana ƙasar da ake kira Turkiyya a yau, birni ne na masu kuɗi, ya yi suna da baƙin ulu da maganin ido. Ya ce a shekara ta 60 girgizar ƙasa ta rushe shi, mutanensa suka sake gina shi da dukiyarsu ba su jira taimakon Roma ba. Ya ce maƙwabciyarsu Hiyarafolis tana da maɓuɓɓugan ruwan zafi, Kolosi tana da ruwan sanyi, su kuwa nasu ruwan daga nesa ake janyo shi ta bututun dutse. Ya nuna yadda aka tsauta wa ikkilisiyar nan don ta zama tsaka-tsaki, ba zafi ba sanyi, tana ganin ba ta rasa komai ba. Abin da ya fi jaddadawa shi ne ba a tuhume su da bautar gumaka ko koyarwar ƙarya ba, gamsuwa da kai ce ta cinye su.

Majami'a ta ɗauki "Amin!" Da aka tashi, mutane suka yi layi a bakin ƙofa suna riƙe masa hannu. Ɗaya daga cikin dattawan nan biyu ya ce, "Fasto, yau ka taɓa su." Jim kaɗan ɗayan ya zo ya ce, "Fasto, Allah ya sa masu kunne sun ji." Kowa ya tafi gida da wanda yake ganin wa'azin ya dace da shi.

Fasto ya zaga bayan majami'a zai nufi gida, sai ya tarar da Baba Magini yana bin bango da sandarsa, yana ƙwanƙwasawa yana kara kunne. Ya durƙusa ya gaishe shi. Baba ya miƙa masa sandar ya ce, "Ɗana, buga nan." Ya buga, ƙarar ta mutu nan take. Baba ya ja shi taku biyar ya ce, "To, buga nan." Ya buga, bangon ya amsa kamar ƙwaryar da aka kife.

Fasto ya ce, "Baba, me ke ciki?"

Baba ya ce, "Rata ce. Ƙasar ta rabu da simintin, ta jiƙe ta zube ƙasa. Abin da kake gani ɓawo ne."

"Amma ko tsaga ban gani ba."

"An liƙe su bara da za a yi fenti. Tsagar ita ce bakin da bango ke gaya maka ciwonsa, ku kuwa duk shekara kuna toshe masa baki."

Fasto ya tambaya ko yaushe zai faɗi. Baba ya ce ba ya yi masa ƙarya, zai iya kai shekaru a haka, yana fari tas, baƙi suna yabawa. Ya ce da can da tafin hannu ake sanin lafiyar bango, domin kowace shekara sai an shafa kowane taƙi nasa, yanzu kuwa wa ya taɓa shi in ba mai fenti ba? Fasto ya daɗe riƙe da sandar bai ce komai ba.

Ya kai maganar gaban kwamiti, da ƙyar suka yarda a fasa wuri ɗaya a gani. Guduma ɗaya aka sa, simintin ya ɓare, jiƙaƙƙiyar ƙasa ta zubo da warin ruma. Aka ɗaga silin a kusurwar, aka tarar gara ta bi ta cikin bango ta hau ta cinye katakon da aka ɗora kwano a kai. Guntayen azarar kakanni da suka rage a cikin ginin kuwa suna nan da ƙarfinsu.

Aka tambayi Baba magani. Ya ce sai an ɓare simintin duka, a bar bangon tsirara ya sha iskar hunturu ya bushe, a cike inda ya zube, sannan a koma yaɓe. Ya ce ginin zai yi muni na watanni, duk mai wucewa zai ga ramukansa. Shugaban kwamiti ya ce saura mako uku godiyar kaka, an riga an gayyaci manyan baƙi, ba za a kunyata garin ba. Wani ya ce ai kuɗi na nan, a ɗauko leburori daga birni su yi komai a kwana goma. Baba ya ce, "Ku ɗauko su bana. Baɗi fa? Ginin ƙasa ba a biya masa sau ɗaya a huta." Aka jefa ƙuri'a. Mafi yawa suka ce a liƙe ramin, a shafa fenti, a rataya ƙyallen biki a wurin, bayan biki a duba. Ban ce miyagun mutane ne ba. Sun ga ruɓar da idonsu, sun ji warinta, amma kunyar baƙi ta fi musu nauyi a ranar.

Washegari Fasto ya hau babur ya nemi ƙauyen da gwauruwar ta koma. Ya same ta a tsakar gida tana ɓarar gyaɗa. Ta shimfiɗa masa tabarma, ta kawo ruwa, sannan ta ce, "Fasto, da kanka ka zo, ko kuɗin anko ne?" Ya ce, "Da kaina na zo, Mama. Mun yi miki laifi, ki yafe mana." Ta ce ta yafe tun tuni, kuma ba ta fasa yi musu addu'a ba, kowa da sunansa, har dattawan nan biyu. Ta ce tana son komawa, amma ɗakin mijinta ya zama tudu.

Ran Lahadi, kafin a karanta sunayen masu gudummawa, Fasto ya tashi ya faɗi abin da ya sami matar, ya faɗi tsawon lokacin da aka ɗauka ba a tambaye ta ba, ya sa kansa a farkon masu laifi. Ya ce ranar Asabar akwai gayya a gidanta. Majami'ar da ta saba da tafi ta yi tsit.

Ran Asabar ba a cika ba. Wasu mata sun zo da jarkoki, samari kaɗan daga kwaya, da ɗaya daga cikin dattawan biyu. Yawancin samarin ba su taɓa taka kwaɓi ba, sai da Baba ya zauna a kan turmi yana nuna musu yawan ciyawa da yawan ruwa. Da hantsi wani yaro ya iso a kan babur da ambulan daga shugaban kwamiti, ya ce Dattijo yana gaisuwa, uzuri ya riƙe shi, ga gudummawarsa. Baba ya karɓa da hannu biyu ya miƙa wa Fasto, ya ce a sayo ƙofa da ita. Sannan ya ce wa yaron, "Ka gaya masa mun gode ƙwarai. Ka kuma gaya masa layin bai kai bango ba, muna neman mutum uku, kuma za mu kai yamma a nan."

Yaron ya juya da saƙon. Aka ci gaba da miƙa curi, kowa yana ƙara taku biyu don ya cike gurbin da babu kowa.