Masu Murmushi da Babban Yatsa

'Yar ƙanwata ce ta tare ni da littafin Turanci a hannu: "Kawu, mene ne bambancin smile da smiley?" Na ce mata smile shi ne murmushi, abin da fuskar mai rai ke yi. Smiley kuwa, ko da yake Turawa kan kira mai yawan fara'a da ita, a yau an fi nufin zanen nan mai launin rawaya: da'ira, ɗigo biyu, da lanƙwasasshen layi a ƙasa. Ta rubuta ta yi gaba. Ni kuwa na bi wayata da kallo, na ga ashe da jama'ar da ke tsakanin kalmomin nan biyu nake kwana nake tashi.

Zanen yana da asali. A 1963 wani kamfanin inshora a garin Worcester na jihar Massachusetts a Amurka ya ga ma'aikatansa sun ɗaure fuska bayan an haɗe shi da wani kamfani. Aka kira wani mai zane, Harvey Ball, ya zana fuskar cikin kamar minti goma, aka sallame shi da dala 45, aka buga ta a bajo aka maƙala wa mutane a ƙirji. Tun ran gini tun ran zane: domin waɗanda suka ƙi yin murmushi aka ƙirƙiro ta.

Magajinsu na farko yana nan a bencin mai shayi, fuska kamar hadarin gabas, ka rantse gado aka cinye masa. Leƙa wayarsa. Ya jera fuskoki bakwai masu dariya har da hawaye, ya ƙara da "wayyo cikina". Cikin nasa lafiya lau, ko gashin bakinsa bai motsa ba. Irinsa ne suka matsa wa wannan fuskar lamba a duniya har masu ƙamus na Oxford suka zaɓe ta kalmar shekarar 2015, ita da ko harafi ɗaya ba ta da shi.

Wannan fuskar dai ita ta kusa raba zumunci a gidanmu. An saya wa Gwaggona babbar waya, aka sa ta a guruf ɗin dangi. Ran nan aka sanar da rasuwar surukin wani ɗan'uwa, kowa yana Allah ya jiƙan rai, Allah ya sa ya huta, sai ga Gwaggo ta jero guda uku reras. Guruf ya yi tsit. Na kira ta da sauri.

"Gwaggo, abin nan da kika tura fa dariya ce."

"Kai ɗan nan, wace irin dariya da hawaye shaɓe-shaɓe? Ba ka ga ya wage baki yana kuka ba?"

Da ƙyar na nuna mata yadda ake gogewa, bayan mutum arba'in sun gani. Washegari ta ɗauki mayafi ta tafi gidan makokin da ƙafarta, ta yi kuka na gaske, mai sauti, don a shaida. Tun daga ranar ta yi rantsuwa da "'yan kawunan nan". Saƙon murya take turowa, minti tara, shida na gaisuwa.

Sai mai cin bashi. Ka rubuta masa, "Malam, yau fa wata huɗu ke nan," ya turo maka mai jajayen kumatu da tafukan hannu biyu a haɗe. Ba e, ba a'a, ba rana. Da ido da ido ne, dole ya sosa ƙeya, ya dubi ƙasa, ya yi yaƙe, kai kuma ka karanta ko akwai ko babu. An ce labarin zuciya a tambayi fuska. To ga fuskar nan an ba ka, aro ce, je ka tambaye ta.

Yaƙen nan da na ambata, Bature sai da ya haɗa da lantarki kafin ya gano shi. Wani likitan Faransa, Duchenne, ya riƙa ɗora wayoyin lantarki a fuskokin mutane yana ɗaukar hoto, ya wallafa binciken a 1862. Abin da ya fahimta shi ne, ana iya jan baki ya washe da gangan, amma naman da ya kewaye ido ba ya tsukewa sai farin cikin ya fito daga ciki. Kowace uwa a ƙasar Hausa ta san wannan tun ranar da aka kawo mata lefen da bai cika ba, kuma ba ta jona kowa da wuta ba. Yanzu dubi smiley da kyau: na asalin, idanunsa ɗigo biyu ne a tsaye cak. Yaƙe ne aka shafa wa fenti.

Shi ya sa nake tsoron uwargida mai "ba komai". Ka ce mata aiki ya riƙe ka, ba za ka samu kai ta bikin ba, ta amsa da "Ba komai", ta ɗora ƙaramar fuskar nan mai ɗan siririn murmushi, baki a rufe. A ƙasar Sin matasa masu WeChat sun daɗe da mayar da wannan fuskar alamar raini da gatse. Matanmu ba su jira Sinawa sun koya musu ba. In ka ga an turo maka ita, kada ka amsa da wata fuskar. Biya ta wajen mai balangu, ka ce ya ƙara yaji a gefe.

Akwai kuma mai fashin baƙi, yawanci saurayi ne. Budurwa ta turo masa fuska ɗaya, ya kai ta majalisa a yi shawara. Jiya biyu ta turo, yau ɗaya, me ya ragu? Wannan mai kashe ido ɗaya, ni kaɗai ake kashe wa ko har da ɗan gidan Alhaji? Abokai su miƙa wa juna waya kamar likitoci na duba hoton ƙashi. Abin dariyar, malamin kwamfuta Scott Fahlman na Jami'ar Carnegie Mellon, da ya kawo shawarar alamar :-) ranar 19 ga Satumba 1982, ya yi ne don a daina rigima kan wane saƙo ne wasa, wane ne gaske. Yarinyar kuwa tana tuƙa tuwo ne, yatsanta ya faɗa kan wadda ta fi kusa.

Ɗan takara ba sai na daɗe a kansa ba. Shi kansa ne ya zama smiley: an buga shi a fosta, an manna a gada da bangon makaranta, haƙora talatin da biyu a waje, rana ta dake shi, ruwa ya dake shi, bai rufe baki ba. Je ofishinsa bayan rantsuwa ka nemi ko rabin haƙori.

Wanda ya fi burge ni wani Alhaji ne a layinmu. Tun da ya sauke farali ya dawo da haƙorin Makka, murmushi ya zame masa sana'a, ko gaisuwar mutuwa sai ya yi da gaske yake rufe baki. Yaransa suka nuna masa fuskokin waya, ya sa tabarau ya bi su ɗaya bayan ɗaya: mai gumi, mai hular kaboyi, mai harshe a waje. Ya ajiye wayar ya ce, "Duk cikinsu ba wanda ya je Hajji." Yanzu in ka tura masa abin dariya sai ka ɗan jira. Zai fita tsakar gida, ya juya inda rana take, ya ɗauki kansa hoto ya turo maka.