Ba A Taɓawa

Laifin duka nawa ne, gara in faɗa da bakina kafin uwargida ta riga ni. Da aka ba yara babban hutu, sai na wayi gari da wani kishin asali da ban san inda ya kwana ba duk shekarun nan. Na ce bana sai 'ya'yana sun taka Gidan Rumji, sun ga inda aka binne cibiyar ubansu. Ni nakan leƙa da sallah in yi kwana biyu in dawo, amma su muryar Inna kawai suka sani ta waya. Su uku ne: Abba mai shekara takwas, wanda ya ci sunan mahaifina, Ummi mai shida, sai Auta da bai cika uku ba. Duk haihuwar Yamai ne. Hausarsu kuwa dambu ce, a ɗebo Zabarmanci a zuba, a barbaɗa Faransanci, a miƙo maka a ce ga Hausa.

Da na tsaya nan da an rabu lafiya. To, ɗan boko ba ya fara abu sai ya yi shimfiɗa. Ran Asabar kafin tafiya na kwashe su zuwa gidan tarihi na ƙasa mai sunan Bubu Hama, wanda kowa a Yamai ke ce wa Muze, wai in share musu fage. Tun 1959 wurin yake, kuma ba abin da ba a tara a ciki ba. Muka ga zaki yana hamma, muka ga dorina ta ƙi fitowa daga ruwa, muka tsaya ƙarƙashin ƙasusuwan dodannin dabbobin da aka tono a hamadar Agadas, Auta ya ce a saya masa ɗaya. Muka je wurin itacen Tenere, wanda ya rayu shi kaɗai a tsakiyar rairayi, babu wani ice kusa da shi sai an yi tafiyar ɗaruruwan kilomita, amma a 1973 wani direban babbar mota ya rasa abin bugewa a duk faɗin Sahara sai shi. Uwargida ta dube ni ta ce, "Ashe kana da ɗan'uwa a can." Sau biyu kacal fa na taɓa buge ƙyauren gidanmu da babur.

Daga nan muka shiga ɗakin tufafin gargajiya, inda aka jera mutum-mutumi cikin manyan riguna da rawuna, sannan muka gangara wajen da aka gina gidajen ƙabilu. Nan ne ruhun malanta ya hau kaina. Na goya hannu a baya na fara.

"Kun ga wannan? Rumbu ke nan. A ciki kakanninmu suke ajiye hatsi a da. Wannan turmi ne, da shi ake daka a da. Wannan randa ce, ita ce firjinsu a da."

Na yi ta jera "a da" kamar mai jan carbi. Da na ga wasu baƙi biyu sun tsaya suna saurare, sai na ƙara gishiri, na nuna wata hauya mai dogon ƙota na ce da irinta nake nome gona guda kafin azahar lokacin da nake kamar Abba. Shi kuwa Abba ya miƙa hannu zai shafa taɓarya, wani ma'aikaci ya daka masa tsawa: "Kai yaro, ba a taɓawa!" Duk lacca ta ta yini guda, ashe wannan kalma kaɗai ta zauna masa.

Tafiyar ba sai na ja ta ba. Mun shiga motar kar tun kafin kiran assalatu, kilomita wajen 600 na jiranmu. A Kure na hango raƙuman dawa a bakin hanya, kafin in tashe yaran daga barci mun wuce su, suka yi ta zargina da ƙarya har Doso. Tsakanin Dogon Dutsi da Ƙonni Auta ya dawo mini da duk abin da ya ci a kan sabuwar shaddata. A Galmi uwargida ta sayi buhun albasa, na ce mata wa ya taɓa zuwa ƙauye da albasa, ta ce in bari dai. Bayan la'asar muka sauka Gidan Rumji, ƙasa ta sha ruwa, gero ya kai gwiwa, ko'ina shar.

Muna isa ƙofar gida Abba ya ja ya tsaya a zaure. Ya leƙa tsakar gida, ya ga rumbuna biyu, ya ga randa a gindin bedi, ya ga matar ƙanena tsaye kan turmi tana sussuka. Ya juyo da murya wadda duk unguwa za ta ji.

"Baba, ina ake biyan kuɗin shiga?"

Na yi kamar ban ji ba. Ummi ta ruga za ta ɗauki ludayi a kan faifai, ya fizgo ta. "Ke, ba a taɓawa!" Sannan ya tako har gaban Inna, wadda ke zaune kan tabarma ta baza hannu tana jiran jikoki, ya durƙusa kamar yadda na koya masa a mota, ya gaishe ta tsaf, ya ce, "Ke ce mai gadin wurin?"

Inna ba ta kiran sunana, ni ne ɗan fari. Ta dubi wajen da nake, ba ta dube ni ba, ta ce, "Mutumen Yamai, mi yaka hwaɗi?"

Na fara kame-kame, wai yaro ne, gajiyar hanya ce. Ummi ta taimake ni ta inda ban roƙa ba. Ta ce ai Baba ne ya kai su Muze, ya nuna musu irin wannan gidan, ya ce na mutanen da ne, duk sun mutu. Ni dai ban ce sun mutu ba. Amma wa zai tsaya sauraren ɗaukaka ƙara? Matar ƙanena ta saki taɓarya ta riƙe ciki, gwaggona da ta shigo taryarmu ta zauna daɓas a ƙasa tana salati tana dariya.

Inna ta jawo Abba ta ɗora a cinya. "Maigida, kuɗɗin shiga akwai su. Shekara takwas ka aje ni ba ko dalar cehwane. Su za ka hwara biya."

Ummi kuwa ta ƙura wa kumatun Inna ido, inda tsagar Gobirci ta taso daga gefen baki ta nufi kunne. Ta kai yatsa, ta tuna doka, ta janye. Can ta ce, "Kaka, wa ya yi miki rubutu a fuska?"

"Taɓa, kishiya, ba ta cizo. Wagga ita ce katin ɗan ƙasata. Na ubanki in ya ɓace sai ya koma Yamai ya bi layi. Nawa ko cikin duhu anka shahwa an san Bagobira ce."

Washegari aka fara zaga dangi. Na yi lissafin tsaraba tun daga Yamai a takarda, gida goma sha biyu, kowanne sabulu da sukari da ganyen shayi. Inna ta ƙirga da yatsu ta kai ashirin da uku, ta ce ba ta sa na Cadakori ba tukuna. Nan buhun albasar Galmi ya fitar da ni kunya, aka yi ta kasa shi kashi-kashi, uwargida na ƙullawa tana waƙe-waƙenta ba ta ko kallona.

Wanda bai taɓa zaga dangi da damina ba, bai san fura ba. Kowane gida ka shiga sai an dama, kuma ba a kurɓa a ajiye, sai a ce ka zama Nasara. Tun a hanya na gargaɗi yaran cewa cikinsu bai saba ba, su sha kaɗan, ni zan riƙa shanye sauran don kada a ji haushi. Gida na bakwai na ji wani abu ya juya a cikina kamar ana tuƙa tuwo. Yaran nan ko gezau. Auta har da siɗe ludayi. Ni ɗan gida, mai cibiya a bayan ɗaki, ni na kwana ina safa tsakanin shimfiɗa da bayan gida cikin yayyafi, da fitilar waya a baki, ragon Inna na bina da kallo duk wucewa. Da safe ta aiko mini da jiƙon sabara, da saƙon cewa in daure, haka baƙi ke yi.

Kwana biyu da na samu sauƙi, ƙanena ya ce za su gona maimai. Abba ya yi tsalle ya ce ai Babansu gona guda yake nomewa kafin azahar. Ƙanena ya dube ni, ya dubi yaron, ya ce, "Haka ne, Yaya?" Baki shi ke yanka wuya. Na ce a kawo hauya.

A wajenmu noman tsaye ake yi. Hauyar doguwa ce, kana tsaye kake tura ta gaba tana yanke ciyawa ta ƙarƙashin rairayi, mai kallo sai ya ce wasa ne. Shekara ashirin rabona da ita. Kunya ta farko na yi ta da ƙarfin hali, ina waiwaye in ga ko yaran na kallo. A ta biyu tafin hannuna ya fara zafi, a ta uku ya yi ruwa. Na dai ci gaba, ina jin daɗin yadda bayana ya yi fes, ba ko ɗigon kore tsakanin gero da gero. Sai na ji ƙanena ya yi gyaran murya.

"Yaya, wake ne fa ka nome. Na Inna ne, da hannunta ta shuka."

Abba ya zo ya tsuguna kan gawar waken, ya ɗago ya ce, "Baba, wataƙila hauyar ce ba irin ta Muze ba." Allah ya yi wa yaron nan albarka, shi kaɗai ya nema mini mafita.

Don in farfaɗo da mutuncina sai na shirya abin da na fi iyawa, wato bayani. Na ɗauke su muka nufi Tsibiri, kan hanyar Maraɗi, cikin gundumarmu, inda fadar Sarkin Gobir take. A mota na zuba musu tarihi: Bawa Jan Gwarzo, faɗuwar Alƙalawa a 1808, yaƙin Gawakuke a 1836, da yadda Gobirawan da suka ƙi miƙa wuya suka zo suka kafa Tsibiri a bakin Gulbin Maraɗi. Na gaya wa Ummi cewa har yau akwai sarautar Inna a Gobir, mace ke riƙe da ita, ta ce to ita za ta gada. Wannan karon na kiyaye, ban ce "a da" ko sau ɗaya ba.

A ƙofar fada akwai wani dogari tsaye cikin jan kaya da rawani, ya dogara da sanda, ko ƙifta ido ba ya yi. Ina can ina gaisawa da dattawan da ke zaune a inuwa, ina neman izinin mu ɗan leƙa, ban ankara ba Abba ya sulale. Ya zaga bawan Allah sau ɗaya. Ya duba hagu da dama ko akwai mai tsawa. Sannan ya sa yatsa ya tsokane shi a ciki.

Dogari ya ce, "Kai!"

Abba ya kwasa a guje yana ihu, "Baba, wannan mai rai ne! Mai rai ne!"

Na rasa inda zan sa kaina. Na tuɓe takalmi na durƙusa ina ba da haƙuri, ina bayanin mutum-mutumin Yamai, bayanin da ya ƙara dagula lamarin, don sai da dogarin ya tambaye ni ko kama da gunki ya yi mini. Wani tsoho cikin dattawan ya tambayi ɗan wane ne ni. Da na faɗi sunan mahaifina sai ya ce, "Af, kai ne wanda jaki ya kayar a kasuwar Gidan Rumji ka koma gida ba wando?" Yaran ba su riƙe shekarar Gawakuke ba, amma wannan har yau suna iya kawo shi da ranar da wurin.

Ana jibi za mu koma, na kwanta bayan azahar a ɗakin baƙi cikin gidan sauro, hannuwana biyu shafe da man kaɗanya, naɗe da tsumma. Cikin barci na riƙa jin raɗe-raɗe da ƙarar silalla. Na buɗe ido ɗaya. Yaran unguwa ne sun yi layi tun daga bakin ƙofa har gindin bedi. An shimfiɗa tabarma an jera kayana: takalmin ofis, buroshin haƙori, tabarau, kwalbar maganin zawo, da shaddar da Auta ya yi wa ado. Abba na tsaye ya goya hannu a baya, daidai yadda nake yi.

"Wannan mutumin Yamai ne," in ji shi. "Manomi ne a da."

Wata yarinya ta miƙo hannu za ta ɗaga gidan sauron, Ummi ta buge hannun. "Ba a taɓawa!"

Na yunƙura zan tashi in watsa taron, sai na hangi mai karɓar kuɗi a bakin ƙofa. Inna ce zaune kan kujerar tsuguno, da ƙwarya a cinya, tana amsar dala biyar-biyar tana ba da canji. Ba ta dube ni ba.

"Mutumen Yamai, koma ka kwanta," ta ce. "Saura mutum tara, kuma ban hidda kuɗɗin wakena ba tukuna."