Gizo, Aku da Cinyar Rago

Ga ta nan, ga ta nanku.

Aku ce ke zaune a kan wata darbejiya, daf da tagar ajin da ake koyar da adabin Hausa a Jami'ar Ahmadu Bello, Samaru. Kakanninta, in ji ta, suna nan tun 1962 da aka buɗe makarantar. Duk abin da malami ya faɗa ta haddace: jigo, salo, zubi da tsari, kari, amsa-amo. Littafi dai ba ta taɓa buɗewa ba.

Ana nan sai Kura ta sa shela cewa za a yi gasar adabi a bayan tashar jirgin ƙasa ta Sabon Gari, wanda ya ci a ba shi cinyar rago. Gizo na jin nama ya garzaya wurin Aku, ya sayi kalmomin nan a kan gyaɗa mudu biyu, bashi. Suka bi ta Kwangila, yana tafe yana tilawa.

Dila, malamin daji, shi ne alƙali. Kwaɗo daga Kubanni ya fara, da waƙa 'yar ƙwar biyu. Dila ya kaɗa kai ya ce, "Kowane baiti ɗango biyu, kari bai karye ba, amsa-amo duk da 'wa' ya ƙare. To amma a kan me kake magana?" Kwaɗo ya yi zuru. Dila ya ce, "Wannan abin da ka rasa shi ne jigo. Koma ruwa ka nemo."

Sai Gara ta matso, ta ce ita ta cinye Ruwan Bagaja daga bango zuwa bango. Aka tambaye ta tauraron labarin, ta ce ita dai takarda ta ji a bakinta. Dila ya ce, "Alhaji Imam ne, wanda labarin ke bin sawunsa, Malam Zurƙe kuwa abokin karonsa. Abubakar Imam ya rubuta shi don gasar da aka shirya a nan Zariya a 1933. Yadda ya jera fitarsa, wahalhalunsa da dawowarsa, shi ne zubi."

Jaki kuwa ƙara ya kawo. Ya ce a bakin kasuwa in yaro ya kasa lissafi sai a ce masa jaki. Dila ya ce, "Sunan wannan dabbantarwa. Yi haƙuri, akwai kishiyarta, mutuntarwa. Ba don ita ba, da ni da kai babu mai buɗe baki a wurin nan."

Gizo ya miƙe, ya gyara murya, ya zazzago kalmominsa kaf ba numfashi, Aku tana gyaɗa kai. Dila ya bari ya gama, sannan ya ce, "Madalla. Yi mana kamance guda ɗaya."

Gizo ya dubi Aku, Aku ta dubi sama. Ya waiga hagu, ya waiga dama, idonsa ya faɗa kan mai gasa, ya ce, "Allah gafarta Malam, Kura kamar ɓarauniya take."

"Ka yi. Ga 'kamar' nan tana riƙe da su biyun. Yanzu kambama."

"Kura za ta iya haɗiye jirgin Kano da taragwansa!"

"Ka yi. Saura siffantawa. Cire 'kamar', ka mai da wannan ya zama wancan."

Gizo ya ji daɗi, ya buɗe murya yadda har 'yan dako suka juyo: "Kura ɓarauniya ce!"

Dila ya ɗaga faifan da aka rufe akushi da shi. Babu cinya, sai ɗan ƙashi da aka tsotse. Ya dubi Kura, ga maiƙo har gemu. Ya mayar da faifan a hankali, ya ce, "A'a, Gizo, ka faɗi. Siffantawa sai abin da ka faɗa ba haka yake a zahiri ba. Wannan shaida ka bayar."

Kura ta tashi tsaye, taro ya watse. Gizo ya haye rufin tasha, Aku ta bi shi tana tambayar gyaɗarta.

Ƙurunƙus kan ɗan ɓera.